Darsam, Sau Ɗaya

Warsini na tsaka da cin shinkafa a kan teburinta, a ofishin dillancin labarai na Turanci da ke Jakarta, sai ga waya daga Singafo. Desmond Quek ne, editan da komai ke bi ta hannunsa kafin ya fita duniya. Ya ce labarin masuncin nan ya yi kyau, sai dai sunan mamacin bai cika ba.

Sunaye kuwa aikin Warsini ne. Ita ke riƙe da kundin yadda ake kiran shugabannin ƙasashen waje: wane sunan danginsa ke gaba, wane da sunan yanka ake kiransa, wane kuma kuskure kaɗan jakadansa ya iso da takardar ƙorafi. Da safen nan ma sau uku ta kira wani ofishin jakadanci a kan sabon firaministansu. To shi masuncin, Darsam, yaya za a kira shi? Matashi ne ɗan garin Tegal, ya rasu a jirgin kamun kifin wata ƙasa. Sunansa ɗaya tal, kamar da yawa daga Jawawa, ƙabilarsu. Dillalin da ya yi masa fasfo ya ga gurbi biyu, bai yi wata-wata ba ya cike duka: Darsam Darsam.

Desmond ya ce abin da ke fasfo shi ne hujja.

Jiya ne Warsini ta je wurin uwar Darsam, Bu Tumini. Tsohuwar ba ta roƙi komai ba sai abu guda.

"'Yar nan, haka suka rubuta a akwatin gawarsa, sau biyu, kamar ana kiran wanda ya ƙi amsawa. Yarona bai taɓa bari na kira shi sau biyu ba. Ki rubuta yadda na raɗa masa."

Warsini ta yi mata alkawari, ga shi tun ba a je ko'ina ba yana neman suɓuce mata.

"Desmond, da firaminista ne, fasfo za ka bi ko abin da gidansu suka ce?"

Ya ɗora wa na'ura laifi, wai ba ta karɓar gurbi a wofi. Warsini ta ce to a janye labarin, ba da hannunta ba. Ba ta saba ja da manya ba, amma ta faɗa. Ya yi tsaki, ya ce zai gyara da hannu.

Da la'asar labarin ya fita, Darsam sau ɗaya. Daɗi ya kama ta. Ta ɗauki hoton labarin za ta tura wa maƙwabcin Bu Tumini ya nuna mata, sai idonta ya sauka a layin sunan mai rahoto. Shekara goma sha ɗaya haka yake fita, ba ta taɓa cewa uffan ba: Warsini Warsini.

Kunya ta rufe ta. Ta yanke hoton daga ƙasan layin nan, ta tura.