Sakatar Ƙofa Ta Bakwai

Ƙofofi goma sha ɗaya Auta ta rataye a zauren baje kolin, kowace tana reto da igiya, ba bango, ba ɗaki a bayanta. Wata takwas ta yi tana tsinto su daga unguwanni biyun da suka ƙone juna bayan zaɓe. Da gangan ta cakuɗa su, don mai kallo ya kasa cewa wannan tasu ce, waccan tamu.

Ta bakwai ce ran aikin: saran gatari a tsakiya, sakata a karye.

Babanta kafinta ne, shi ya taya ta ratayewa. "Ƙofar da ba ta rufe komai," ya ce. "Kai, Auta, wannan karatu naki sai ke." Ya yi ta tsokanarta har suka iso ta bakwai. Nan ya tsaya yana kallon sakatar.

Ranar buɗewa da safe ta tarar da shi durƙushe da akwatin aikinsa. Ya cike saran, ya goge, ya ɗaura sabuwar sakata.

"Baba! Me ka yi haka?"

"Gyara na yi."

"Wa ya sa ka? Raunin nake so a gani! Ka shafe shaida, irin yadda manya suka yi. Kai dai guduma ka sani, shi ke nan!"

Masu jera kujeru suka juyo. Shi kuwa bai ɗago ba. Ya shafa gefen ƙofar, inda aka sassaƙa ɗan tauraro irin na jikin gadonta.

"Ta tela ce," ya ce. "Ni na yi masa ita."

Ta san shi. Tela, amininsa na tsallaken titi, mai ɗinka mata kayan makaranta, wanda ba a sake ganinsa ba.

"Sau uku yana aikowa in zo in gyara, sakata ta saki. Sau uku ina cewa gobe. Ran nan bugu ɗaya suka yi mata."

Ya kwashe kayansa ya fita. Ta bi shi da ido.

Da yamma 'yan kallo suka riƙa wuce ta bakwai ba tsayawa. Wata ma cewa ta yi, "Wannan ai lafiyarta ƙalau."

Auta ta zura sakatar, ta zare. Sumul take shiga. Kujerar da ta ajiye masa a sahun gaba, har aka tashi ba kowa a kai.