Za a Mayar da Ita Ƙasa

Ni mai walda ne. Karatuna bai wuce in rubuta sunana in duba awon ƙarfe ba. Amma na san ajin da 'yata take, na kuma san da guminta ta kai shi.

Lauya muke ce mata, don ba a gama magana da ita, har makaranta sunan ya bi ta. Tun tana ƙarama zazzaɓi ya tafi da ƙafafunta ya bar mata bakin. Keken da take hawa ni na haɗa shi a shago, da bututun ƙarfe da tayoyin wani tsohon keke. Daga aji ɗaya zuwa uku ba mu sha wahala ba. Da ta ci jarrabawa ta shiga aji huɗu, sai ga ajin a saman bene.

Kullum da safe in tura ta zuwa gindin matakala, in goya ta in hau, in sauko in kinkimo keken. In an tashi in rufe shago in je in sauko da ita. Ni ban yi ƙorafi ba, bayana ne ke yi. Ita ce abin ya ci. In muna hawa sai ta yi tsit, ta cusa fuska a wuyana don kada ta haɗa ido da 'yan ajinsu. Uwarta kuma ta lura gorar ruwanta a cike take dawowa. Da ta matsa mata, sai ta ce ban-ɗaki a ƙasa yake, in ta sha wa zai sauko da ita?

Ran nan na tafi kafa wata ƙofa a nesa, uwarta ce ta ɗauko ta, maigadi ya kama mata. Da na dawo da la'asar na tarar da gida kamar an yi mutuwa. Uwar ta ce malamar ajinsu ta tare ta a bakin ƙofa, cikin hayaniyar tashi, ta ce malamai sun yi zama, sun yanke daga gobe za a mayar da Lauya ƙasa.

Yarinyar na can ɗaki, abinci ya huce a gabanta.

"Baba, ni fa na zo ta biyu," ta ce. "Me zan koma yi a aji uku?"

Na ce babu inda za ta koma. Ban san da me zan hana ba, amma na faɗa.

Da safe ko shago ban leƙa ba. Ina tura keken ina tsara magana a raina. Idan goyon ne ya dame su, ai ba bayansu ba ne. Idan keken ne ke tare musu hanya, sai in rage masa faɗi. Maigadi ya gaishe ni, ban ma san me na amsa ba. Na bar Lauya a baranda na faɗa ofishin hedimasta, sallamar ma a tsaye na yi ta.

"Hedimasta, da kai ake karatu ko da ƙafa?"

Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in zauna. Na ce ban zo zama ba. Na zazzage masa duk abin da na ƙunso: ta biyu ta zo, ba ta taɓa fashi ba, ba a taɓa kawo mini ƙararta ba sai ta surutu, kuma duk wanda zai mayar da ita aji uku sai ya faɗa mini laifinta ido da ido. Bai katse ni ba. Da na ƙare ya tambaya wa ya ce aji uku. Na ce malamarsu ta ce ƙasa.

Sai ya miƙe ya ce in biyo shi.

Muna zagayawa na ga yara suna saukowa da benci daga bene, biyu-biyu kamar tururuwa. Malamai kuma na ta fama da wani ƙaton tebur, suna hawa da shi. Ɗakin da malaman suke zama a ƙasa, wanda ke dab da ban-ɗaki, an share shi, har an rataya allo.

"Ba ita kaɗai za a mayar ƙasa ba," in ji hedimasta. "Ajin ne gaba ɗaya. Baɗi ma nan za su zauna, lambar ƙofa kawai za mu canza."

Na nemi sauran maganar da na tsara, na rasa inda zan ajiye ta. Sai ga ni zaune a kan bencin yara, ni da na ce ban zo zama ba.

Malamar ta zo tana ba da haƙuri, wai sauri ne ya sa ba ta yi bayani ba. Na ce ba komai, mu ma kunnenmu ya yi gaggawa. Malamin lissafi, wani mai tumbi, ya ajiye gefen teburin yana haki.

"Baban Lauya, kai ka huta, mu mun shiga uku. Tunda ka saba, gobe ni za ka goya."

Na ce sai dai in haɗa masa nasa keken, amma ƙarfen zai ci.

Kafin in waiga, ƙawayenta sun riga sun tura ta ciki, tana nuna musu inda za su sa bencin gaba, har da gyara wa malama. Na leƙa ta taga na ce to na tafi.

"Baba, ai da ka fara tambaya kafin ka yi faɗa."

Ita da ta ƙi cin abinci jiya. Na ƙyale ta, ba a gama magana da ita. Har na kai bakin ƙofa ta sake kira. Gorar ta ɗago tana girgizawa, ta riga ta sha rabi. Ta ce gobe a ba ta babbar.