Ƙwan Zabin Inno

Ranar Talata ce cikin watan Agusta, tun bayan asuba ake yayyafi a Roni, irin wanda ba ya tsugewa kuma ba ya ɗaukewa. Nafi'u yana tsaye a ƙofar ɗakin Inno ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ruwan indararo yana ɗiga masa a ƙeya. A ciki matarsa Amarya tana fama ta tayar da tsohuwar zaune. Ta jingina ta da filo, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta zizara mata kwalli, sannan ta ja zane ta rufe ƙafafun da suka kumbura kamar turmi. Inno ce ta sa a yi duk wannan. Ta ce ba za ta bayyana gaban jikokinta kamar ƙullin kayan wanki ba.

Katanga ɗaya ta raba gidan su Nafi'u da na Inno. Da uwarsa ta rasu yana ƙarami, a kwanon Inno ya ci gaba da cin tuwo. Yanzu acaɓa yake yi tsakanin Roni da Kazaure, kuma shi ne mai babbar waya a lungun, saboda haka ta hannunsa Inno take ganin ɗanta Sharfuddeen, wanda yake zaune a Ingila da matarsa Sadiqa da 'ya'ya biyu. Babbar, Halima Sa'adiyya, sunan Inno ta ci. Ƙaramin Musaddiƙ. Can aka haife su, Inno ba ta taɓa ɗora ko ɗaya a cinya ba.

Tun da azumi aka yi alkawari: in an ba da dogon hutun makaranta za a kawo su. Ruwan farko na sauka Inno ta shuka masara a bayan ɗaki. Da zabinta suka fara ƙwai kuwa, duk wanda aka tsinto sai ta binne shi cikin yashi a wata tukunya ƙarƙashin gado. Ta hana a sayar, ta hana a soya. Ta ce yaran Turai ba su san ƙwai ba sai na kajin gona masu ƙarni.

Wayar ta shiga. Rana ce tarwai a can, ga teku shuɗi a bayan Sharfuddeen, shi kuma da baƙin tabarau da gajeren wando. Nafi'u ya shiga ya durƙusa ya riƙe wayar saitin fuskar Inno. Nan take ta kawar da kai ta fuskanci bango.

Haka take yi kullum. Sharfuddeen ɗan fari ne, Inno kuwa Bafulatana ce ta da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban mutane ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "mutumin naku".

"Inno, ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi," ta ce wa bango.

Sharfuddeen ya yi hamdala, sannan ya shiga bayani. Sun yi shawara da likitan yara, ya ce damina lokacin sauro ce, yaran ba su saba ba. Hutun ma ya kusa ƙarewa. Yaran sun addabi gida da ɓarna, shi ya sa aka kawo su bakin teku su yi mako guda su sha iska. In Allah ya yarda sai hutun ƙarshen shekara, lokacin babu sauro.

Nafi'u yana ganin yadda yatsun Inno suka damƙe zanen gado.

"Hakan ya yi," ta ce. "Allah ya kai mu. Sadiqa, ina takwarata?"

Sai a lokacin ta juyo. Yarinyar ta leƙo, kumatunta duk yashi, ta nuna wani ɓawon katantanwa, ta faɗi wata magana da Turanci, ta ruga. Musaddiƙ ya ƙi zuwa sam, yana can yana haƙa rami. Sabis ya ɗauke.

Nafi'u ya miƙe.

"Inno, wane irin da sauƙi? Jiya ko koko bai zauna miki ba. Likitan nan a gabana ya ce zuciyar ta gaji."

"Kai dai bakinka ya fi babur ɗinka gudu," ta ce, tana haki tsakanin kalmomin. "Ni ce zan aika a kira min shi? Da girmana? A rugarmu maraƙi ke neman uwa."

Ya ce to shi zai faɗa. Ta ce in ya faɗa, kada ya ƙara tako mata ɗaki. Ya fito fuu, ya tarar da Kawu Sama'ilu, ƙanin Inno, zaune a zaure yana jan carbi, ya ji komai. Kawu ya tsayar da shi, ya yi masa nasiha a hankali kamar mai lallashin jaki. Ba a tayar wa matafiyi hankali. Mara lafiya ko gargara yake yi, da sauƙi ake cewa, haka aka gada. Rai kuma a hannun Allah yake, sau nawa aka fidda rai da mutum ya tashi ya ci tuwo? Nafi'u ya wuce shi. Ya buga babur ya fita cikin ruwa, ranar har fasinja biyu ya yi wa rashin kunya a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da Laraba ya kasa haƙura. Ya hau dutsen bayan gari inda sabis ya fi ƙarfi, ya danna wayar ya yi wa Sharfuddeen saƙon murya, ya amayar da duk abin da ke cikinsa: kumburin, hakin, abincin da ba ya zama, masarar, ƙwan. Ya tura. Ya zauna a kan dutsen yana kallon gonakin gero sun yi kore shar har iyakar gani, yana jira.

Sharfuddeen bai kira shi ba sai da ya fara kiran Kawu. Da kiran ya zo, Nafi'u yana jin ihun yara da ƙarar ruwa a bayan muryar.

"Nafi'u, na yi magana da Kawu, ya ce da sauƙi. Ita ma ka ji ta da kunnenka jiya. In wani abu ne na magani ya taso, ka faɗa min kai tsaye in turo. Ba sai ka tsorata ni ba."

Nafi'u ya ji kamar an watsa masa barkono a ido.

"Yaya, riƙe abinka. Ni nake ɗaga ta in za a gyara shimfiɗa. Daga sama ƙashi ce, daga ƙasa ruwa. Sauron da kake tsoro mu ma yana cizonmu, ga mu nan ba mu ƙare ba. Uwarka ce fa, ba tawa ba. Tawa na riga na binne ta."

Ya kashe wayar tun kafin a ba shi amsa.

Ranar Alhamis bayan azahar ya shiga ɗakin, duk da an hana shi. Inno tana barci, ɗankwalin ya zame, farin gashinta ya barbaje a filo, bakinta a buɗe, numfashin yana fita da wani gurnani kamar ana jan zarto. Ba kwalli, ba zane a ƙafa. Ya zaro wayar. Amarya ta riƙe masa hannu, ta ce masa cikin raɗa in Inno ta sani ba za ta yafe masa ba, wannan tsiraici ne. Ya ce ya sani. Ya fizge hannun ya ɗauke ta bidiyo, idonsa a kan bango kamar yadda ita take yi. Ya tura ba tare da ya ƙara ko kalma ba.

Saƙon ya daɗe bai isa ba. Ashe su Sharfuddeen sun shiga jirgin ruwa da yaran, an kai su kallon wani tsibiri. Sai gab da magariba wayar ta yi ƙara. Muryar Sharfuddeen ta dushe, ya ce don me ba a faɗa masa ba. Nafi'u ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce an faɗa masa jiya a kan dutse. Sharfuddeen ya ce sai sun koma gida sun ɗauko fasfo, jirgin saman da ya samu na Asabar ne.

Da hantsin Juma'a gari ya washe. Inno ta farka idonta tar, har Amarya ta fara murna. Ta ga Nafi'u a bakin ƙofa, ba ta kore shi ba. Ta tambaya ko masarar ta nuna. Ya ce ta nuna har ta fara wucewa. Ta tambaya ko zabuwar nan mai ɗingishi ta yi ƙwai. Amarya ta ce ta yi, an sa a tukunya. Nafi'u ya durƙusa ya ce mata mutumin nasu yana hanya, har da yaran. Ba ta tambayi wanda ya kira shi ba. Ta zuba wa ƙofa ido, ta daɗe, kamar mai jiran a ɗaga labule.

"Sharfuddeen," ta ce.

A hankali ta faɗa, tana lalubar sunan kamar mai taka dutse a rafi. Amarya ta ɗago ta kalli mijinta. Daga nan sai kalmar shahada, Kawu yana laƙƙana mata tana bi, har ta daina bi.

Kawu ne ya ce a kira masa Ingila. Ya karɓi wayar, ya gyara murya, ya ce jikin dai ya ɗan yi tsanani, a yi ƙoƙari a taho. Nafi'u ya warce wayar daga kunnen dattijon, abin da bai taɓa yi wa babba ba.

"Ta rasu, Yaya. Yanzu da hantsi. Ana can ana haƙa kabari."

Kafin a tafi masallacin Juma'a an kai ta.

Ranar Lahadi, ranar sadakar uku, mota ta tsaya a bakin lungu. Su huɗu suka fito. Yaran sun sha man sauro har sheƙi suke, an sa musu riguna masu dogon hannu. Ashe dai ana iya zuwa da damina. Nafi'u yana ƙofar gidansu yana ɗaure sarƙar babur, bai ɗago ba. Amarya ce ta kawo masa labarin cikin gida: Sadiqa tana ta kuka, ta ce ita a Legas ta tashi, ba ta san wannan kunyar ba. Duk lokacin da Inno ta kawar da kai daga waya, ita ta ɗauka zuwan nasu bai dame ta ba ne. Nafi'u ya ce ita ba ta sani ba, shi fa? Shi ma a Legas aka haife shi?

Bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ragu, Sharfuddeen ya same shi a bayan ɗakin Inno, cikin masarar. Nafi'u yana ɓare goyo ɗaya bayan ɗaya yana danna farce, duk sun yi tauri, sun wuce gashi. Sharfuddeen ya tsaya, takalminsa yana nutsewa a taɓo. Ya yi godiya. Nafi'u ya ci gaba da ɓarewa. Sharfuddeen ya roƙe shi ya yafe masa maganar ranar Laraba. Nafi'u ya yar da goyon ya kama wani.

"Ta ce wani abu a kaina?"

Tun ranar Juma'a Nafi'u ya ƙudurta ba zai faɗa masa ba. Abin nasu ne, shi da Amarya, su da suka kwashe fitsari suka wanke zane. Wanda yake bakin teku ba shi da rabo a ciki. Ya juyo da niyyar ya ce babu. Sai ya ga mutumin ya kawar da kai gefe yana kallon katanga, wuyan nan a karkace, sak uwarsa.

"Ta kira sunanka," ya ce. "Sau ɗaya. Tana kallon ƙofa."

Ba don tausayi ya faɗa ba, so yake ya yi masa ciwo. Ya kuwa yi. Sharfuddeen ya sulale ya zauna daɓas a cikin taɓon, da farar shaddarsa, tsakanin karan masara. Nafi'u ya tsaya a kansa yana jiran sanyin da ya zaci zai ji. Bai zo ba.

Daga tsakar gida aka ji Amarya tana cewa a'a, a'a, kawo nan. Halima Sa'adiyya ce ta shiga ƙarƙashin gadon kakarta ta jawo tukunyar. Amarya ta kawo ruwa a roba, ta riƙa tono ƙwan daga yashi tana sakawa, yaran biyu sun tsuguna suna kallo. Mai kyau nutsewa yake, wanda ya lalace ya taso. Nafi'u ya jingina da bango yana lissafin asarar a ransa. Ƙwai arba'in da ɗaya, talatin da huɗu suka taso. Masara kunya shida, babu goyo ɗaya da zai gasu. Hutu guda. Sai Inno.

Bakwai ɗin da suka nutse Amarya ta dafa. Ta miƙa wa yarinyar ɗaya da ɗuminsa. Yarinyar ta matsa shi da yatsu, ta gwada da haƙori, ɓawon ya ƙi. Sai ta je ta tsuguna a dokin ƙofar ɗakin, inda Inno take zama da hantsi, tana ƙwanƙwasa shi a kan dutsen a hankali.