Farantin Riɗin Inna Kande

Duk wanda ya zauna a Gadarif a shekarun nan ya san motar Gado tun kafin ya san fuskarsa. Ƙaramar a-kori-kura ce, irin wadda a can ake kira bokis, kuma da hannunsa ya yanke mata salansa ya jona miƙaƙƙen bututu. Da ya taso daga kasuwar hatsi, mai shayin bakin hanyar Doka zai ɗora masa ruwa. Abin yana yi wa Gado daɗi har cikin ƙashi. Ƙarar kuma tana da ranarta, don in dawa ta fara ido manoma har roƙonsa suke ya zaga musu gona ya tashi tsuntsaye, su sallame shi da godiya.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin masu godiyar, wato mahaifiyarsa, Inna Kande. Ita riɗi take nomawa, shi kuwa riɗi ba ya son tashin hankali. In an yanke shi an jingina dammunan a tsaye, ƙwansonsa ya bushe ya buɗe baki, ko akuya ce ta goge shi sai ya zube. A kakar da ta wuce, ranar kakkaɓa, da ake kifa dammuna a kan tabarma riɗin ya zuba, Gado ya kutso har tsakiyar gona yana ba ta wuta don 'yan uwa su san ya iso. Inna ta rantse da idonta ta ga riɗi yana tsiyaya cikin tsagewar baƙar ƙasa. Ko ƙarar ce ta zubar, ko iskar da ta taso a lokacin, Allah ne masani. Ita dai ta yanke hukunci: motar nan ba ta ƙara taka mata gona, mai ita ma ya tsaya can da abarsa.

Hukuncin ya ci masa rai. Ranar kakkaɓar riɗin Inna ita ce ranar gayyar dangi, wadda suke ce wa nafir. Ana zuwa daga Doka da ƙauyuka, a yi aiki, a ci tuwo a inuwa ɗaya, a tono tsiyar juna ta shekara guda. Tun tasowarsa bai taɓa rasa ta ba. Ga shi saura kwana tara.

Da fari ya gwada wayonsa. Ya sayo soson ƙarfe na wankin tukunya ya cusa a bututun. Yana tayar da mota, soson ya fita kamar harsashi ya tarwatsa kajin maƙwabta. Dole ya sauke girman kai ya nufi rumfar Usta Lawal mai walda.

"Kai ka yanke ta da hannunka, yau kuma kai ne mai neman shiru?" in ji Usta, yana dariya har da tari. "Kwayis, da kyau. Wa ya kama ka?"

"Inna ce, ya Usta."

"Halas, magana ta ƙare. Hajja Kande ko ni ba na ja da ita."

Usta ya samo wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya ratsa cikinta da bututu mai ƙananan huji, ya danƙare kewayen da audugar gilashin da ya ciro daga mataccen firji, ya liƙe da walda. Ƙara ta faɗi warwas. Gado ya kama hanyar gida yana jin kansa a sama.

Inna ta fito ƙofar gida, ta saurara. Sai ta koma ciki ta fito da farantin tangaran da tafin riɗi a kai, ta ɗora a kan murfin inji.

"Taka ta, irin yadda ka saba."

Ya taka. Kunne dai bai ji wani abin kirki ba, amma riɗin ya kama rawa, yana tsalle yana gangarawa bakin faranti.

"Ka rufe mata baki, amma cikinta na nan yana gurnani," in ji Inna. Ta ɗauke farantinta ta shige.

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Akwai wani gunji mai nauyi da ke cika gidan direba in ya miƙe hanya, wanda kullum yake sauka da ciwon kai saboda shi, yana ɗora laifin a kan rana. Ya koma wurin Usta ransa a jagule. Usta ya shiga ƙarƙashin motar, ya dafa nan, ya dafa can, sannan ya fito yana girgiza kai.

"Ya salam! Wa ya ce ka manne bututu da jikin arabiya, motar kanta? Ai ka mayar da ita ganga. Ga shi gajere, yana huci a ƙarƙashin bodi."

Ya yanke mannin, ya ƙara wa bututun tsawo har ya leƙo ta baya, ya rataye shi da robar tsohuwar taya a wuri uku. A hanyar komawa Gado ya tsaya wurin mai shayi, ya tarar ba a ɗora masa ruwa ba, don ba wanda ya ji tahowarsa. Abin ya ɗan sosa masa rai, ba ƙarya. Ya zauna a benci ya jira kamar kowa, yana tunanin abin da zai gaya wa masu dawa. Amma kansa wasai, kuma shayin bai rage daɗi ba.

Da asubahin ranar nafir Inna ta sake fitowa da faranti. Gado ya taka a hankali, ya ƙara, ya ƙara. Ya kafa wa farantin ido. Riɗi ya yi kwance abinsa, ƙwaya biyu ko uku ne kawai suka ɗan muskuta. Inna ta daɗe tana kallo. Daga nan ta juye riɗin a bakin zanenta ta ƙulle, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ta zauna.

Da suka kai bakin gona ya dube ta. Ta yi masa nuni da haɓa, ya shige. Motar ta bi tsakanin dammunan a sannu, dangi suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe baki. Inna ta ce ya tsaya dab da wani dami da ya bushe ƙarau, kada kuma ya kashe. Ta sauka, ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin ƙwanson, ta jira. Ta ɗago hannun, ta nuna wa jama'a babu komai a ciki.

Gado na zaune a mota yana kallonta, ƙato da shi yana goge ido da hular kansa.

"To, ka zauna kallona ne?" in ji Inna. "Sauko ka kama mini bakin tabarmar nan, ya waladi, ɗana. Bana kai za ka kifa damin farko."