Taku Goma Sha Ɗaya Daga Kurna

Tun a tashar jirgin ruwa ta Salmiya na lura da mutumin, kuma tun a nan jinina bai haɗu da nasa ba. Dogo ne ramamme, furfura ta cinye masa kai, ga wata tsohuwar kwat da ta yi masa yawa. Duk mai tsallakawa tsibirin Failaka ranar Juma'a da abin da ya riƙo: wasu kulolin abinci, wasu na'urar ɗaukar hoto saboda kangayen Yunanawa, samari da ƙugiyar kamun kifi. Shi hannu rabbana ya zo. Ba teku yake kallo ba, mu yake kallo.

Mu biyu ne, ni da mahaifiyata Hissa, wadda muke kira Yumma. Shekara talatin da huɗu rabonta da tsibirin, tun da sojojin Iraƙi suka kwashe mu kaf suka tsallakar da mu birni. Kullum cewa take ba za ta iya ganin gidanta a kango ba. Bana da likita ya gama bayani a kan zuciyarta, muna fitowa ta ce, "Sabika, ki kai ni wurin babanki."

Babana Sagar masunci ne, ya rasu wata huɗu kafin yaƙin. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Dutse a kai, dutse a ƙafa, kowane gida kuma da yadda yake gane nasa. Namu a kan Yumma kaɗai yake: ka juya wa kurnar tsakiyar maƙabarta baya, ka fuskanci alƙibla, taku goma sha ɗaya. Shekarata tara a lokacin, ban riƙe komai ba. In ta tafi ba ta nuna mini ba, babana ya ɓace a cikin duwatsu ke nan. Tun a layin shiga jirgi take ta maimaitawa a fili, "Kurna, alƙibla, sha ɗaya," kamar mai tsoron kada iska ta ɗauke mata.

Muna shiga mutumin ya miƙe daga kujerarsa.

"Bismillah, Hajiya. Nan babu iska."

Bakin mutanen kudancin Iraƙi ne, ko a barci na ji shi zan gane. Na ja hannun Yumma muka wuce can gefe inda iska ke dukan fuska.

"Yumma, kin ji bakinsa?"

"Zuciya likita ya ce, bai ce kunne ba."

"To me ya kawo shi tsibirinmu?"

"Jirgi, kamar mu."

Haka take. Ni kuwa har muka iso ina ta saƙa da warwara. An ce akwai masu haƙa da sunan yawon buɗe ido, suna neman tsoffin tukwane. An ce akwai masu auna fili don gina masauki. Shi bai yi kama da ko ɗaya ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Motar da ke zagayawa da baƙi ta nufi inda aka tara ruɓaɓɓun tankokin yaƙi. Na roƙi direba ya ajiye mu a bakin maƙabartar garinmu, Zor. Muna sauka na ji takun wani a baya. Ban waiwaya ba, na san ko waye.

Rabin katangar ya zube. Muka shiga, Yumma na dogara sanda. Duwatsu ne ko'ina, bibbiyu, duk iri ɗaya, yashi ya binne wasu har wuya. Ta tsaya ta duba dama, ta duba hagu, ta juya gaba ɗaya. Babu kurna. Ko ciyawa mai tsayin gwiwa babu.

"A nan take," in ji ta. Ta matsa gaba. "A'a, a can." Sai ta zauna daɓas a ƙasa, sandar ta faɗi gefe.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar uwata irin na ranar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ga wanda zan sauke wa yana tsaye a inda katanga ta karye.

"Bawan Allah, tun Salmiya kake bin mu. Me muka ci maka?"

"Na ji Hajiya tana ambaton kurna," ya ce. "Na san inda take."

"Kai da ba ɗan nan ba?"

"Ni na sare ta, 'yar'uwa."

Ya faɗi sunansa, Kazim, daga Amara. Yana da shekara goma sha tara aka sa masa kaki aka kawo shi nan. Sanyin Janairu, kananzir ya ƙare, su uku suka kwana biyu suna saranta. Da ya koma gida ya ba mahaifiyarsa labari, ta ce wanda ya sare kurnar maƙabarta ba ya ganin daidai, kuma har ta rasu ba ta bar zancen ba. Wannan zuwansa na biyu ke nan tun bayan yaƙin. A na farko ya tsaya a nan yini guda, bai ga kowa ba.

Na ce, "Sai mu yarda don ka faɗa? Ka nuna duk inda ka ga dama, ka sauke nauyin zuciyarka, mu kuma mu yi ta kuka a kan kabarin wani?"

Ya shigo yana bin tsakanin duwatsu a hankali, ya dubi hasumiyar tsohon masallaci, ya dubi kusurwar katanga, ya tsaya. Ya share yashi da gefen takalmi har wani kututture mai launin toka ya bayyana. Na tsugunna na taɓa. Itace ne, ba musu. Amma itace ai ba ya faɗin sunansa.

Yumma ta miƙa mini hannu na tayar da ita.

"Kai, tsaya a kai," ta ce masa. "Yau kai ne kurnar."

Ya hau ya tsaya. Ta juya masa baya, ta fuskanci alƙibla, ta fara ƙirgawa da ƙarfi. A na goma sha ɗaya ta tsaya a fili fetal, tsakanin layuka biyu, babu dutse ko ɗaya a gabanta.

"Na faɗa miki!" na ce wa Yumma. "Ƙarya yake yi. Wanda ya ƙona mana itace me zai hana shi yi mana ƙarya?"

"Wallahi a nan take, Hajiya," in ji Kazim, amma bai sauko ba.

Yumma ba ta kula mu ba. Ƙafafunta take kallo, ƙanana a cikin silifas, ga sanda a gefe. Can ta yi wata 'yar dariya.

"Ba shi ba ne. Ƙafar ce ta tsufa. Ranar da na ƙirga ina kamar shekarunki, tsayinmu ɗaya, kuma sauri nake don kada maza su gan ni. Je ki, ki taka kamar yadda kike takawa in kin yi fushi."

Wannan kam bai yi mini wuya ba. Na je gabansa ban dube shi ba, na juya, na taka. Na wuce Yumma a na bakwai. A na goma sha ɗaya yatsan ƙafata ya daki dutse.

"Tona gindinsa," ta ce, "ta ɓangaren teku."

Na tona da hannu har farcena ya karye. Sai na ji wani abu mai nauyi, ɗan dunƙule, da huji a tsakiya. Dalmar tarun babana ce, Yumma ce ta tura ta a nan kwana uku bayan an binne shi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Na sa mata a tafin hannu, ta damƙe, ta zauna.

Ta daɗe tana addu'a, daga baya ta koma hira da babana: wa ya yi aure, wa ya rasu, yadda kifin kasuwar birni ba shi da ɗanɗano. Rana ta take, duk da sanyi ta fara cizo. Kazim na nan inda aka dasa shi, ko ƙafa bai sauya ba.

"Sake ƙirgawa," in ji Yumma. "Ni ba dawowa zan yi ba."

Sau uku na sake, sau uku ƙafata na dukan dutsen nan. Sannan ta sa na kwaso duwatsun katangar da ta zube na jera su kewaye da ƙafafun Kazim, har suka kai masa idon sawu, kafin ta ce ya fito.

Ban gode masa ba. Ban yafe masa ba, kuma ba zan ce na yafe don labari ya yi daɗi ba. A jirgin komawa ya sake miƙewa daga kujerarsa. Na kama hannun Yumma zan wuce da ita, ta zare hannunta, ta zauna a inda babu iska.