Yashi da Ƙaguwa

Shekarar da yaƙi ya matso mana, jirgin ruwan soja ya tsaya bayan duwatsun bakin tsibirinmu, ya sauke wani hafsa mai suna Hendry da safiyoyinsa masu awon ƙasa. Suka yi ta jan sarƙar awo a bakin gaɓa, suna leƙen juna ta madubi mai ƙafa uku, yara na biye da su. Tafintansu ɗan sanda ne daga wani tsibiri mai nisa. Ya iya harshenmu, amma bai san mu ba. Shi ya gaya mana cewa a taswirar soja ɗigo ne mu, sai dai ɗigon ya faɗo daidai inda man jirgin sama ke ƙarewa, don haka dole a yi filin sauka.

Wuri biyu ne kawai tsawonsu ya isa: ƙasar mahaifina, Kautoa, da ta maƙwabcinmu Ruatu. Tamu ta fi kyau nesa ba kusa ba. Can ciki, inda ba a hangowa daga gaɓa, akwai ramukan gwaza da kakana ya haƙa har ya tarar da ruwa, Baba yana ciyar da kowace saiwa da ruɓaɓɓen ganye kamar mai renon jariri. Kabarin mahaifiyata ma yana nan.

Hendry ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Sauri yake yi, jirgi na jiransa, sai ya tara mu a zauren gari ya ce kowa ya faɗi abin da ke ƙasarsa, wadda asararta ta fi ƙanƙanta ita za a ɗauka.

To, a wurinmu mai mutunci ba ya yabon abinsa. Kushe shi yake yi, wanda ya tambaya ya ƙaryata shi, ya yaba. Haka ake yi da kifi, haka ake yi da 'ya.

Ruatu kuwa tun yana yaro ba shi da ta-ido. Ya miƙe ya ce kwakwarsa ta fi ta kowa, rijiyarsa ba ta taɓa yin gishiri ba, alhali har ni na san aladunsa ma ba sa shan ruwan. Dattawa suka sunkuyar da kai don kunya.

Aka zo kan Baba. Ya gyara zama a tabarmarsa, ya ce, "Wace ƙasa gare ni? Yashi ne da ƙaguwa."

Tafinta ya juya maganar yadda take. Baba ya ɗaga kai yana jiran a ce masa a'a. Ina zaune bayansa cikin mata, ina kallon wuyansa a miƙe, yana jira. Hendry ya ja jan layi kan ƙasarmu a taswira, ya yi godiya.

A gida na buɗe masa wuta. Na ce, "Baba, ka je ka gaya masa akwai gwaza. Baƙo ne, bai san ana mayar da magana ba."

Ya ce in daina ɗaga murya, mutane na ji. Da safe dai ya ɗaura tabarmarsa ta biki a ƙugu ya tafi gaɓa. Na ga ya tsaya gaban Hendry, ya tambayi lafiyarsa, ya ba shi kwakwar sha, ya dawo. Bakinsa ya kasa. Na yi fushi da shi har na daina dafa masa kifi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan 'yan watanni injuna suka sauka. An bar mu mun kwashe ƙasusuwan mahaifiyata, gwaza kuwa ba ta kwasuwa. Suka tuttuge kwakwa, suka cike ramukan da farin dutsen teku, suka daɓe.

Ranar da aka gama, Baba na tsaye a gefen filin, hasken na kashe ido. Sai ga Ruatu ya zo ya tsaya kusa da shi, ya daɗe yana murza hannu.

Ya ce, "Kautoa, ƙarya ka yi a zaure. Duk tsibirin nan babu ƙasa kamar taka."

Baba bai dube shi ba. Ya amsa yadda ake amsawa, "Haba, yashi ne kawai."

Ruatu ya buɗe baki zai sake ƙaryata shi, ya dubi filin, ya fasa.