Tsirkiyoyin Takaendesa

Esinati ta gane jitar tun daga nesa. Muryar ce ba ta gane ba.

Ranar Asabar ce da rana tsaka, tana dawowa daga kasuwar Rimuka da ƙullin ganye da tumatir a ka, sai ta tarar an tare hanya. Wani ne ya buɗe sabon shagon nama, ya ɗauko makaɗan sungura, kiɗan jitar nan na rawa, ya ɗora su a bayan babbar mota, jama'a na ta cashewa. Can gefen hagu kuwa ga Tichaona, ƙanen mijinta marigayi Takaendesa, ya rataya jar jitar bes ta yayan nasa, mai tabon wutar taba a wajen kai, yana karkaɗa ƙugu kamar da guminsa ya saye ta. Amma abin da ke fitowa daga lasifika, sai ka ce ana kwankwatsa kwanon rufi da cokali. Ba nauyi, ba mutunci.

Ta matsa kusa ta ɗaga ido. Tsirkiyoyin nan huɗu sababbi ne fil, suna walƙiya a rana.

Ko kayanta ba ta sauke ba. Ta zagaya bayan motar, ta lalubo wayar da ta shiga lasifikarsa, ta fizge.

"Wace mahaukaciyar ce..." Tichaona ya leƙo, ya ga matar yayansa, ya haɗiye sauran, ya koma kiranta da sunan girmamawar da suke yi wa matar yaya. "A'a, Maiguru! Ke ce? Sannu da rana. Ya ƙafar?"

"Ƙafata lafiyarta ƙalau, ita ta kawo ni na ga ɓarawo. Ina tsirkiyoyin yayanka?"

"Haba Maiguru, a gaban mutane? Kan aiki fa muke."

"Aikin banza. Na ce ina suke?"

Wani cikin 'yan kallo ya ɗaga murya. "Kaka, mayar mana da wayar, in ya gama waƙar sai ki kashe shi!" Aka kwashe da dariya.

Su abin dariya suka gani. Ina suka san shekara goma sha tara Takaendesa ya yi da tsirkiyoyin nan huɗu, bai taɓa canza ko ɗaya ba? A Bulawayo ya samo su, irin masu santsin nan da yatsa ke zamewa a kansu shiru. Sauran makaɗa duk masu kaushi suke ɗaurawa, don su ke da kaifin murya. Shi kuwa cewa yake mai kaushi wata guda take ihu ta mutu, mai santsi kuwa sai ta shekara biyar tana shan gumi kafin ta koyi magana. Ba ya goge su, ba ya bari a goge. Ya ci tuwon masara da kaza, ya shafa hannu a wando, ya ɗau jita. Sau nawa suka yi faɗa a kan ƙazantar nan! Har tsirkiyoyin suka yi baƙi, muryarsu ta koma kamar kukan bijimi a bayan dutse, irin wadda ƙirji ke riga kunne ji. Esinati ba ta san baƙi ko ɗaya a takarda ba, ba ta kuma san sunan tsirkiya ko ɗaya ba. Amma ko makaɗa goma ke kiɗa a unguwa, tana tsaye a bakin murhu za ta ce maka ga nata can.

Da ya rasu aka binne shi, dangi suka baje kayansa a tabarma, aka yayyafa ruwan magani, aka raba kamar yadda ake yi. Kwat ga kawu, takalma ga ɗan 'yar'uwa, jita ga Tichaona tunda shi ma yana taɓawa. Matar mamaci ba ta da baki a ranar, kanta a ƙasa ake son gani. Duk da haka sai da ta ɗago ta ce wa ƙanen mijin nata, "Babamunini, kada ka taɓa tsirkiyoyin." Ya dafa ƙirji ya ce shi wa, da zai taɓa kayan yayansa?

Tana da dalilinta. A gadon asibiti, saura kwana biyu ya cika, Takaendesa ya kamo hannunta ya ce, "Ranar da za ku je kirana gida, kada ku dogara da ganga. Gangunan ƙauyenmu Mhondoro duk muryarsu ɗaya, sai in faɗa gidan wasu. Ku kaɗa mini jitata a ƙofar gida, in ji muryata in biyo ta." Yana faɗa yana dariya yana tari. Ita ba ta yi dariya ba. Yanzu ga shekara ta zagayo, saura mako uku a je kabarinsa a ƙauye a dawo da shi cikin iyalinsa, don mamacin da ba a kira gida ba yawo yake a daji, ba wurin zama, ba ya kare kowa. An ma riga an jiƙa tamba, hatsin da za a dafa giyar bikin da shi. Shi ne wannan mara kunyar ya cire wa mutum murya don a yi rawa a ƙofar mahauci.

Washegari ta wuce gidan Tete Chenai, babbar yayar su Takaendesa, wadda in ta yanke magana a dangin nan ko mazan ba sa ƙarawa. Tete ta aika aka kira Tichaona. Ya zo da baƙin tabarau a goshi, ta ce ya cire, nan ba gidan rawa ba ne.

"Tete, ki saurare ni," in ji shi. "Ba raini ba ne. Shugaban ƙungiyarmu ne ya ce jitar tana magana kamar mutumin da aka lulluɓe da bargo. Sunguran yanzu gudu ake yi, sai an ji kowane yatsa. Da waɗancan ba abin da ake ji sai gum-gum. Ya ce ko in canza, ko ya nemi wani."

"Gum-gum ɗin ce ta ciyar da kai," in ji Esinati. "Ita ta kai ka makaranta, ka fito ba abin da ka iya sai karkaɗa ƙugu."

"Maiguru, waya ce fa. Ƙarfe ne. Canzawa ake yi kamar tayar mota."

"Haƙoranka ma ƙashi ne. Kawo filaya in canza maka."

Tete ta kawar da kai ta gyara ɗankwali, sannan ta juyo. "Ka yanke su?"

Tambayar da Esinati ta kasa yi kenan don tsoro. In an sa musu filaya, magana ta ƙare.

"Ban yanke ba. Kwancewa na yi a hankali. Suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. Matata ma ta so ta ɗaure ƙofar akurki da su, na hana."

Esinati ta ji numfashinta ya dawo, amma ba ta bari an gani ba. Ta ce ita ba roƙo ta zo yi ba, hakkin mijinta take nema, kuma ba za ta tashi daga kujerar nan ba sai an faɗa mata ranar da za a mayar. Tete ta yanke: ya mayar da tsofaffin tsirkiyoyin, ya kai jitar can Mhondoro, shi zai kaɗa ta a ƙofar gida, ya kuma durƙusa gaban matar yayansa da kazar ban haƙuri. Bayan biki in ya so ya ɗaura igiyar shanya.

"Ko kunya ba ka ji ba," Tete ta ƙara. "Kayan mamaci ka jefa ƙarƙashin gado cikin ƙura kamar tsohon takalmi. Mutumin da ya goya ka a kekensa! Ka kawo su cikin mutunci, ka ji ni?"

Wannan ta shige shi. Ya sunkuyar da kai, ya tafi bai ɗauki tabaraunsa ba.

Ranar biki da hantsi, kafin a tafi kabari, Tichaona ya iso ƙauyen da kaza a hammata da jita naɗe cikin sabon bargo. Ya durƙusa gabanta a ƙofar ɗakin girki, ya tafa hannu kamar yadda maza ke yi, ya ba da haƙuri murya na rawa. Har zuciyarta ta fara sanyi. Sai ya warware bargon.

Tsofaffin tsirkiyoyin ne, ta gane shuɗin zaren da ke bakinsu duk da ya koɗe ya tsattsage. Amma fari tas suke, suna sheƙi kamar sabon cokali.

"Me ka yi musu?"

"Tafasa su na yi, Maiguru." Har da fara'arsa, yana jira a yaba. "Tete ta ce in kawo su cikin mutunci. Da na buɗe gwangwanin na ga dauɗar, kunya ta kama ni. Ai duk mai bes a garinmu Kadoma haka yake yi, in tsirkiya ta mutu a tafasa ta, ta farfaɗo. Sau biyu na tafasa, da garin sabulu. Ruwan farko baƙi ƙirin, har da maiƙo a sama. Kin ga yanzu sun koma kamar ranar da ya sayo su."

Esinati tana tune da ranar. Takaendesa ya ɗaura su, ya taɓa ɗaya, ya yatsine fuska ya ce, "Jarirai ne, ba su iya magana ba tukuna."

"A ina ka zubar?"

"Da me?"

"Baƙin ruwan. A ina ka zubar?"

"A kwata mana, bayan gidana. Maiguru, dauɗa ce fa."

"Dauɗar yayanka ce, sakarai! Guminsa ne na shekara goma sha tara. Kazar da na soya masa ce, man da nake shafa masa a yatsu lokacin sanyi ne. Abin da ya rage na jikin mutumin nan a bayan ƙasa kenan, shi ne ka dafa kamar kayan ciki ka zuba wa kwaɗi!"

Kazar ta ƙwace ta gudu, ba wanda ya bi ta. Tichaona ya gane, ta ga ya gane, kuma hakan bai rage mata komai ba. To wa za ta kai wa ƙara yanzu? An yi hukunci, an bi hukunci. Tsirkiya huɗu ta nema, ga tsirkiya huɗu an kawo mata, har da bargo.

"Ya isa haka, Esinati," in ji Tete a hankali. "Mutane na jira."

Aka tafi kabari, aka zuba giya, dattawa suka kira shi da sunansa da na kakanninsa, aka ce ya taso a tafi gida. Aka juyo ana waƙa. A ƙofar gida Tichaona ya haɗa lasifika da batirin mota, ya kama waƙar nan mai tafiya a hankali da yayansa ke rufe wasa da ita. Yatsun nasa daidai suke, hawaye na zuba masa, bai kuskure ko ɗaya ba. Amma muryar ta wani saurayi ce da ba a taɓa gani a gidan nan ba, tsaf-tsaf da ita, tana ƙara a kunne, ƙirji shiru.

Aka jawo akuya aka zuba mata giya a gadon baya. Ta girgiza jiki. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Kin gani?" Tete ta dafa ta. "Ya karɓa. Ya shigo."

"Wace akuyar ce za a zuba wa giya mai sanyi a baya ta tsaya tana kallon mutum?"

"Esinati, ki yi wa bakinki linzami yau kaɗai."

Da aka fara rabon nama hankalin kowa ya koma kan tukwane, sai Esinati ta ja zanenta ta fita, ta bi hanyar kabari ita kaɗai. Ƙasar tana nan da danshin giya, ƙudaje sun taru. Ta tsaya a wajen kansa.

"Kana nan, na sani," ta ce. "Kai da taurin kai, ina za ka bi wannan ƙarar? Sun wanke ka, Taka. Ban tsare maka ba. Taso, ni zan yi maka."

Ta rufe baki ta fara gunji daga ƙirji, gum, gum-gum, tana neman wurin da muryar nan take zama. Muryar tsohuwa ba ta sauka can. Ta kai rabi ta karye, tari ya kama ta. Ta sake kamawa. Ta juya ta nufi gida a hankali, taku uku ta waiwaya, taku uku ta waiwaya, ƙafar mai ciwo tana ja a ƙasa.

Da ta kusa gida, samari sun karɓe wurin, sun roƙi Tichaona ya kama waƙa mai gudu. Ƙarar jitar ta taso ta rufe gunjin nata, ko ita kanta ba ta jin kanta. Ta tsaya a bakin shinge ta waiwaya. Ba kowa a hanyar, sai ciyawa busasshiya da sawun mutanen safe.

Ta tofar da yawu, ta gyara zanenta, ta koma kabari don ta faro daga farko.